Da Mudu Biyu Ake Auna Ɗan Talaka

Jama'a, 'yan'uwa talakawa, musamman ku mutanen kasuwa, akwai tambaya guda da muke so kowa ya riƙe ya kai wa wakilin mazaɓarsa. A ƙasar nan, shekara nawa yaro zai yi kafin doka ta ce ya zama mutum mai ikon kansa? Wanda bai duba ba zai ce ai wannan tambaya ce mai sauƙi. Amma mun zauna a ofishin jam'iyya, mun buɗe littattafan dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, mun tarar ba amsa ɗaya gare ta ba. Amsar tana bin abin da hukuma ke nema a wurin yaron ne. In hukunci ake so a yi masa, ana iya gurfanar da shi da ya wuce shekara 7. In shi ne ya zo neman haƙƙinsa, sai a ce ya koma gida har ya kai 18, wani abin ma sai 21.

Kowane ɗan kasuwa ya san mutumin nan mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. In aka kama shi a Dawanau ko a 'Yankaba, shugabannin kasuwa ba su barinsa ya sake buɗe buhu. To, ga shi yau hukuma da kanta ita ce mai mudu biyu, kuma 'ya'yanmu ake aunawa.

Ga lissafin, ku bi shi a hankali. Dokar laifuffuka ta Finalkod, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1959, ta ce yaron da bai kai shekara 7 ba babu laifi a kansa. Daga 7 zuwa 12 sai a duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata. Daga 12 kuwa wannan rangwame ya ƙare. Dokar Ƙwadago ta yarda uba ya ba da ɗansa koyon sana'a in ya wuce 12, ta kuma yarda ɗan shekara 16 ya ɗaura wa kansa yarjejeniyar koyon sana'a har ta shekara biyar, ba tare da sa hannun iyayensa ba. Amma wannan yaron da aka yarda ya jingina shekara biyar ta rayuwarsa, ba ya jefa ƙuri'a sai ya kai 18, ba ya karɓar lasin tuƙi sai 18, ba ya zama darektan kamfani sai 18. In auren rajista zai yi, Dokar Aure tana neman rubutaccen izinin mahaifi ga duk wanda bai kai 21 ba. In takarar majalisar jiha yake so, sai 25, wannan ma sai da matasa suka yi ta fafutuka aka rage daga 30 a 2018.

Sa'an nan ga maganar fili, wadda ta fi kowace nuna inda aka dosa. Dokar Filaye ta 1978, a sashe na 7, ta hana Gwamna ba wanda bai kai shekara 21 ba takardar shaidar mallakar fili. Amma ta buɗe taga: in an naɗa wa yaro wakili ko amini a rubuce, ana iya ba wakilin a madadinsa. Wa ke da lauyan da zai shirya wannan takarda? Ku zaga Nasarawa G.R.A., unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu a dā, inda Gidan Gwamnati yake a yau, ku dubi manyan katangun nan. Mai gida a can in ya so ɗansa na goye ya mallaki fili, abin ba ya ɗaukarsa mako guda, kuma bai karya doka ba. Saurayi ɗan shekara 20 da ya tara kuɗinsa da guminsa a Kantin Kwari, shi doka ta ce bai isa ba. Wannan sashen dai ya ƙara da cewa in mai fili ya rasu, filin ya faɗo kan ɗansa da bai kai 21 ba, to duk nauyin da ke kan filin ya hau kansa kamar babba, ko da ba a naɗa masa wakili ba. Wato wajen biyan kuɗin ƙasa maraya babba ne.

Daga ina aka samo 21 ɗin nan? Daga Ingila aka ɗauko ta. A 1924 an yi wata shari'a a Ikko, wadda lauyoyi ke kira Labinjoh da Abake. An ba wata yarinya 'yar shekara 18 kayan ciniki bashi, ba ta biya ba, mai kaya ya kai ƙara. Maganar ta hau har kotun sama, alƙalan Turawa suka ce wata dokar Ingila ta 1874 tana aiki a nan, kuma a wurinta mutum yaro ne har sai ya kai 21, don haka bashin kayan ciniki ba ya hawa kansa. Ku duba illar wannan ga kasuwa ta fuska biyu. Mai kaya yana iya rasa dukiyarsa, yaro mai gaskiya kuma yana rasa wanda zai amince ya ba shi kaya. Su Ingilan sun sauko da shekarun zuwa 18 tun farkon 1970, dokar 1874 kuwa sun soke ta a 1987. Masu abu sun yar, mu har yanzu 21 tana zaune cikin Dokar Filaye, wadda aka ɗaure a jikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an sha wuya.

A 2003 Majalisar Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara. Ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Ta ce ba ya ƙulla ciniki mai ɗaurewa sai na abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi. Ta ce in ana tuhumarsa da laifi, kotun iyali ce za ta duba shi, ba a bayyana sunansa, kuma tsare shi kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, na ɗan gajeren lokaci. Amma da yake sha'anin yara na jihohi ne a tsarin mulki, dokar nan Abuja kaɗai ta ɗaure kai tsaye. Kowace jiha sai ta yi tata. Ikko ta yi a 2007. Akwa Ibom ta yi a 2008, amma ta tsayar da yarinta a 16. Kaduna ta yi a 2018, Katsina a 2020, Sakkwato a 2021. Kano, cibiyar cinikin Arewa, sai a watan Mayu na 2023 aka sa hannu, kwanaki kaɗan kafin Gwamna Ganduje ya bar ofis. Shekara 20 ke nan ana jira. Jaririn da aka haifa ranar da aka yi dokar tarayya ya girma ya wuce yarinta kafin inuwarta ta iso Kano.

To, ku auna wannan da yadda kasuwa take. Yaron mota ɗan shekara 17 ya ɗauki kaya daga Singa, ya bi ta Zariya, ya ratsa Abuja, ya gangara kudu. Hanya ɗaya, kaya ɗaya, yaro ɗaya. Amma matsayinsa a gaban alƙali ya dogara ga inda mota ta lalace. A wata jihar yaro ne, a wata babba, a wata kuma sai lauyoyi sun yi gardama. Ɗan mai kuɗi bai damu da wannan ba, don ko ina ya faɗa akwai mai ɗaga shi. Ruɗanin doka kullum a kan marar gata yake ƙarewa.

Kada wani ya ce mana kuskure ne kawai na masu rubutu. Mun san tarihin yadda ake wasa da shekarun yara a garin nan. Zamanin En'e, masu rubuta haraji ba su tambayar takardar haihuwa. Da sun ga yaro ya tasa yana riƙe fartanya, sai sunansa ya shiga littafi, kuma haka aka yi ta yi har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Amma da samarin birni suka fara bin taron NEPU suna jin maganar Malam Aminu Kano, sai Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Dokar Yara da Matasa ta 1958, ta hana wanda bai kai 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma sa hukunci a kan duk wanda ya jawo shi. An ɗaure mutane a kan wannan. A 1960 Dahiru Cheranci ya kai maganar Babbar Kotu, kotu ta ce dokar ta yi daidai. A 1961 J. S. Olawoyin ya kai ta har Kotun Ƙoli, aka ce ba shi da hurumin kai ƙarar. Ranar haraji an ga gemu inda babu shi, ranar lacca kuma aka ce ai yara ne, a tausaya musu.

Salon bai canza ba. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Fabrairun 2018 hotuna sun bazu ƙasa duka na ƙananan yara a layi suna dangwala ƙuri'a. Mahukunta sun musanta, an kafa kwamiti, maganar ta bi ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wakilin jam'iyya a akwati ya san ranar zaɓe ba a cika tambayar yaro shekarunsa ba, muddin an san inda zai dangwala.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a 2024. A farkon Agusta jama'a suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. An yi ɓarna a Kano, an fasa wurare, an kwashi kaya, kuma ba mu wanke wanda ya yi haka ba, domin 'yan kasuwa ne suka fi kowa asara. Amma cikin waɗanda aka kama a Kano da Kaduna akwai yara 'yan shekara 14 zuwa 17. Aka kwashe su zuwa Abuja, aka tsare su wajen wata uku. Ran 1 ga Nuwamba aka kawo su Babbar Kotun Tarayya tare da manya, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa ke kaiwa ga kisa. Duniya ta gan su a rame, har huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 70,000 ne a wata. Ku buga lissafi: sai lebura ya yi aikin kusan shekara 12, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin belin ɗansa. Lauyan gwamnati ya fito ya ce ai manya ne, wai yawancinsu ma magidanta ne. Kakakin 'yan sanda kuma ya ce duk wanda ya wuce shekara 7 ana iya kai shi kotu. Wannan duka a Abuja aka yi, garin da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ke aiki ba tare da wata tantama ba. Sai da ƙasa ta ɗauki ƙara sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su ran 4 ga Nuwamba, aka kuma kira abin tausayi. Doka ce ta ba su wannan haƙƙi tun ranar da aka kama su.

Waɗannan yaran da aka ce sun isa su kifar da gwamnati, da ɗayansu ya je banki neman rancen jarin naira dubu ɗari, da an ce ya tafi ya zo da babansa.

Yanzu mu zo kan wanda babu baban. Duk layin kasuwa akwai shi. Uba ya rasu ya bar rumfa a Ƙofar Wambai, da uwa, da ƙanne biyar ko shida. Babban ɗan yana da shekara 16 ko 17. Tun yana ƙarami yake shago, ya san kaya, ya san dila, ya san mai biyan bashi da mai cinyewa. Shi ke ciyar da gida. Amma ba zai iya sa hannu a takardar hayar rumfa ta ɗaure ba, ba zai karɓi kaya bashi da sunansa ba, ba zai kai ƙarar wanda ya cuce shi ba sai ta bakin wani babba. Sai a ce baffa ko kawu ya riƙe. Akwai baffanni masu tsoron Allah, Allah ya saka musu. Amma ku da kanku kun san rumfa nawa ta narke a hannun mai riƙo kafin maraya ya kai shekarun da za a miƙa masa. Haka yaron shago da ubangidansa ya sallama da jari yana ɗan 17. Kasuwa ta shaida ya ƙware, ubangida ya sa masa albarka, doka kaɗai ce ba ta san da shi ba.

Wasu ƙasashe sun yi wa irin wannan yaro ƙofa. A Faransa alƙali yana iya 'yanta ɗan shekara 16 daga riƙon iyaye in akwai dalili mai ƙarfi. A Amurka abin na jihohi ne kamar namu: yawancinsu 18 ce shekarar girma, Alabama da Nebraska 19, Misisifi 21. Amma jihohi da yawa a can sun yarda yaro ya je gaban alƙali ya nuna yana riƙe da kansa ta hanyar halal, a ba shi takarda. A Kalifoniya ana karɓar irin wannan roƙo tun daga 14. Dokarmu ta 2003 ba ta buɗe wannan ƙofa ba. Wuri ɗaya da tsarin mulkin 1999 ya mai da ƙaramin mutum babba da layi guda shi ne sashe na 29, inda ya ce a sha'anin barin zama ɗan ƙasa, duk macen da ta yi aure ana ɗaukarta ta kai shekaru. A 2013 Majalisar Dattawa ta yi gardama a kan cire wannan layi, bai ciru ba. Manyanmu sun sami lokacin wannan, amma maraya mai rumfa bai taɓa samun zama guda ba.

Za a ce mana wannan shawarar Nasara ce. Wanda ya faɗi haka bai zauna gaban malamai ba. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a riƙa jarraba marayu, in sun balaga aka kuma ga shiriya a tare da su wajen riƙon dukiya, a miƙa musu abinsu a gaban shaidu, ta kuma ja kunnen mai riƙo kada ya yi gaggawar cinyewa kafin su girma. Malaman fiƙihu suna kiran wannan shiriya rushdu, kuma sun raba ta da balaga: mutum yana iya balaga bai iya riƙon kuɗi ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, in alamun balaga ba su bayyana ba, maganar da ta shahara ita ce shekara 18. Ashe 18 ɗin ba baƙuwa ba ce a zaurukan malamanmu, jarraba yaro a ba shi dukiyarsa kuma ya girmi dokar Faransa da ta Amurka da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya rage shi ne a rubuta shi yadda banki da mai rumfa da kotun majistare za su karɓa.

Za a kuma ce in aka buɗe wannan ƙofa, azzalumai za su turo yara ta ciki, a cire su daga makaranta, a ɗora musu bashi. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa muke neman abin ya zama a gaban alƙali, da shaidu, da iyaka. Yau ba ƙofa, amma yaran suna nan cike da kasuwa suna dako da tura kura, ba mai tambayarsu. Rashin takarda bai mai da ko ɗaya makaranta ba. Abin da ya yi shi ne ya bar su ba kariya.

Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu ke nema, kuma muna so a karanta shi a kowane taron reshe.

Na ɗaya, shekara ɗaya ta girma a ƙasa duka, 18, a fili da aure na rajista da ciniki da ƙuri'a. A cire 21 daga Dokar Filaye. Wanda ya isa ya zaɓi Gwamna ya isa Gwamna ya sa hannu a takardar filinsa.

Na biyu, Majalisar Dokokin Kano ta ƙara babi a dokar 2023, wanda zai ba ɗan shekara 16 zuwa sama, namiji ko mace, damar zuwa gaban alƙali ya nemi takardar rushdu. Ya zo da shaidu biyu daga shugabannin kasuwarsa, da mahaifiyarsa ko waliyyinsa, ya nuna ya gama karatun shekara tara da Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta wajabta, ko alƙali ya sa masa sharaɗin kammalawa. Takardar ta ba shi ikon haya, da asusun banki, da karɓar gadonsa, da kai ƙara da sunansa. Ta tsaya a kan dukiya da ciniki kaɗai. Kada ta zama hujjar aurar da yarinya, kada kuma ta zama hujjar yi wa yaro hukuncin manya. Kuma a yi ta kyauta, domin in aka sa mata kuɗin lauya, ta koma Nasarawa G.R.A.

Na uku, duk mai riƙon dukiyar maraya ya riƙa kawo lissafi gaban alƙali shekara shekara.

Na huɗu, kotun iyali da gidan tsare yara dabam da na manya a kowace shiyya ta jihar, da kuɗinsu a cikin kasafi, a rubuce inda kowa zai gani. Kada a sake ɗaukar ɗan Kano a kai shi wani gari a tsare ba tare da iyayensa sun san inda yake ba.

Na biyar, takardar haihuwa. Doka ta wajabta rajistar haihuwa tun 1992, amma in yaro ba shi da ita, ɗan sanda ne ke yanka masa shekaru da ido, kuma kun ga yadda aka yanka a Abuja. A kai ma'aikatan rajista asibitocin unguwa da makarantun allo da bakin kasuwa. Mu ma iyaye akwai namu: ranar suna, bayan an yanka rago, a je a karɓo takardar. Ba ta kai kuɗin goro ba, kuma wata rana ita ce za ta tsaya tsakanin ɗanka da kurkuku.

'Yan'uwa, masu yin dokokin nan ba su da nisa. Daga Kantin Kwari zuwa Gidan Gwamnati ba ta kai tafiyar awa guda a ƙasa ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari da Sabon Gari da Singa da Kurmi da Dawanau suna da shugabanni, suna da hatimi, kuma ana sauraronsu in zaɓe ya matso. Ku sa su rubuta, ku sa hannu, ku kai. In ɗan takara ya zo rumfarku da buhun shinkafa, ku ce ya fara amsa tambayar da muka buɗe da ita, ya faɗi shekara ɗaya, ya kuma faɗi ranar da zai kai ƙudurin majalisa. Ofishin jam'iyya a buɗe yake ga duk mai son a karanta masa waɗannan sassa na doka da Hausa, ba a biyan ko kwabo.

Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan iyayen marayu, ya ba talaka sawaba. Amin.